Ƙarin Jijiya a Hantar Inna

Bakina ne ya jawo wa Inna, wannan kam ban taɓa musu ba. Da a ce ranar da na dawo da ita daga asibiti na ce wa masu dubiya jiki da sauƙi na ja bakina na tsuke, da ta ƙarasa kwanakinta cikin mutane. Amma ni malamar firamare ce, na daɗe ina koyarwa a Ungogo, kuma duk abin da na fahimta sai na yi wa wani bayaninsa ko bai tambaye ni ba.

Inna ita ta haife ni. Gidanta yana wani ƙauye kusa da Makoda, inda gona take manne da gona, in aka yi tari a wani gida maƙwabta sai sun ce sannu. Tun rasuwar Baba take matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli, tsakar gidanta ba ta rabo da mata daga hantsi har la'asar. Wata ta zo aron turmi, wata ta zo ɗanɗano, wata gulma ce kawai ta kawo ta. Iyayen Inna daga Barno suka zo tun kafin a haife ta, a nan aka yanke cibiyarta, amma in faɗa ya haɗa ta da wata sai an tuna mata cewa ita baƙuwa ce.

Da ciwo ya kama ta a gefen dama na ciki, mun sha yawo kafin a faɗa mana gaskiya. Ciwon daji ne, ƙari ya fito mata a hanta, kuma inda ya zauna ba ya yankuwa. Yayana da yake aiki a nesa shi ya nemo wani babban asibiti mai tafiyar yini guda, ya shirya komai ta waya, ni kuma na ɗauki hutu na tafi da ita. A can likita ya ce akwai aikin da zai rage wa ciwon ƙarfi ko da bai kashe shi ba. Za su zura siririyar roba ta jijiyar jini a matsematsinta, su bi da ita har hanta suna kallo a allo, su zuba magani a bakin ƙarin, sannan su toshe jijiyar da take ciyar da shi. Ya ce awa ɗaya ya isa.

Awa uku na yi a kan benci, carbi a hannu amma ban san me nake ja ba. Ba kowa nawa a garin nan, ko wanda zan ce wa ya riƙe min jaka in je in yi alwala babu. Da likitan ya fito sai ya zauna kusa da ni, ya juya bayan wata takarda ya fara zane. Ya ce a yawancin mutane jijiyar hanta daga tushe ɗaya take fitowa a ƙarƙashin tumbi, ta rabu biyu, dama da hagu. Ya bi wannan hanyar a jikin Inna, sai ya ga ɓangaren hagu kaɗai yake samun jini, daman da ƙarin yake babu alamar komai. Dole ya janyo robar ya shiga nema, har ya iske jijiyar dama can ƙasa, ta tsiro daga jijiyar hanji ta bi ta baya ta hau. Akwai kuma wata ƙarama ta uku da ta gangaro daga jijiyar tumbi. Da bai nemo su ba, maganin lafiyayyen ɓangare zai tafi, ƙarin kuma ya ci gaba da shan jininsa hankali kwance.

Na tambaye shi ko ciwon ne ya karkata su. Ya ce a'a, haka aka haife ta, halitta ce kawai, kuma da za a haska matan garinmu duka da na ga irinta da dama. Ya ba ni takardar. Wallahi daɗi na ji, har da ɗan alfahari, kamar Inna ta ci wata jarrabawa.

Ranar da muka dawo, gida ya cika da mata, har kan turmi an zauna. A gefen Inna akwai aminiyarta tun suna amare, tsohuwar da muke kira Iya, wadda ita take yi wa matan unguwarmu wankan gawa. Wata ta tambaya me likita ya gani. Ni kuwa abin nema ya samu, na zaro takarda na miƙe tsaye kamar ina gaban aji. Na nuna musu jijiyar hantar sauran mutane guda ɗaya mai reshe biyu, na nuna musu ta Inna har uku, ɗaya ma a ɓoye ta baya, sai da likita ya sha wahala ya gano ta.

Matar maƙwabcinmu ta ce, "Wato cikinta ba irin na mutane ba ne?"

Na ce ƙwarai kuwa. Da bakina na faɗa, ina murmushi.

Bayan kwana tara wata mai jego a gida na uku daga namu ta kamu da zazzaɓi mai zafi, tana sambatu, aka ce ta ambaci Inna. To wa ba zai ambaci Inna ba a unguwar nan, matar da ta yi mata kunun kanwa har sati biyu kafin mu tafi asibiti? Amma a wajenmu an yi imani cewa maye yana da ƙanƙara a ciki, abin da yake kama kurwar mutane da shi, kuma ba a ganinta. Yanzu ga na'urar Turawa ta ga wani ɓoyayyen abu a cikin Inna, ga 'yarta ta cikinta ta shaida a gaban jama'a. Ba wanda ya zo ya faɗa mana a fuska. Mai jegon ta warke da allurar kemis, amma maganar ba ta warke ba.

Sawu ya ɗauke a hankali. Mai aron turmi ta sami wani turmin. Mata suka koma zagayawa ta bayan gonar dawa don kada su bi ta ƙofarmu. In na fita ɗiban ruwa a burtsatse sai hira ta tsaya, a gaishe ni da kyau, a tambayi mai jiki, a ce Allah ya ƙara sauƙi, amma ba mai cewa tana nan zuwa. Ita kanta Iya sai ta koma aiko da gaisuwa ta kan katanga.

Haushi ya ɗebe ni, na ɗauki takardar na bi gida-gida. Wannan ita ce wautata ta biyu. Duk inda na shimfiɗa ta, layi ukun nan suke ƙura wa ido, ba sa jin abin da nake faɗa. Da na ce wa matar maƙwabcinmu ita ma ƙila haka cikinta yake, likita ne ya faɗa, sai ta ɗora hannu a ka ta ce na zo har ɗakinta na kira ta mayya. Na je wajen liman, ya saurare ni da kyau, bayan sallar la'asar ya ja kunnen maza a kan zato da ƙazafi. Maza suka gyaɗa kai. Matansu ba su zo ba.

Iya na bari ta ƙarshe, don ita ce ta fi min ciwo. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta rantse ita ba ta yarda da maganar ba, shekara nawa suna cin tuwo a kwano ɗaya. Amma surukanta sun ce in ta sake taka gidanmu ba za a ƙara ba ta jika ta goya ba, ita kuma a hannunsu take ci. Na ce mata Inna kullum sai ta tambaye ta. Ta ce in gaishe ta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne aikin ya yi kyau. Da muka koma aka sake hoto, likita ya ce ƙarin ya motse, yana ta murna da jijiyar da ya gano. Inna ta sami wata biyar tana tashi da kanta, tana cin tuwo, har shara take yi. Wata biyar ɗin nan kaf ni da ita kaɗai muka yi su. Ta sa na mayar da tabarmarta gindin darbejiya inda take hango zaure, kullum da hantsi sai ta yi wanka ta ɗaura kallabi mai kyau ta zauna. In akuya ta ture ƙyaure sai ta gyara zama. Na roƙe ta mu koma Ungogo, ta ce in ta tafi an tabbatar ke nan.

Sau ɗaya ta yi min maganar, bayan an cire gyaɗa, lokacin da cikin ya fara kumbura kuma. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zarge ni da na fi samun sauƙi.

Ta ce, "Mutuwar ba ta dame ni ba. Wa zai yi min wanka? Ke ba ki iya ba."

Na ce Iya za ta zo. Ta mayar da idonta zaure, ni ma ban yarda da abin da na faɗa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi ta cika, kanta a kan cinyata. Na fita na faɗa wa liman, na dawo na ɗora ruwa a murhu, ina tunanin ta ina zan fara. Ruwan bai gama ɗumi ba na ji sallama. Iya ce, da sabulu da ganyen magarya a ƙullin zaninta. Mata kuwa suka taru a zaure da bakin ƙofa, ba mai ƙarasowa ciki.

Ni nake zuba ruwa, ita tana wankewa. Da ta zo matsa ciki, kamar yadda ake yi wa kowace gawa, sai na ga ta daɗe. Ta bi da tafin hannunta dama da hagu, sama da ƙasa, a hankali, tana lalube. Da muka gama muka suturta ta, Iya ta fita ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda na zaure za su ji. Ta ce ta wanke matan garin nan ba adadi, ta matsa cikin wannan baiwar Allah da hannunta, babu komai a ciki sai ciwo, duk wadda ta sake faɗar wata magana ita da Allah.

Nan da nan suka shigo, har da matar maƙwabcinmu, ana kuka ana roƙon Inna ta yafe. Tsakar gidan ta cika kamar da. Ni ko hawaye ban yi ba, zuciyata tafasa take. Na ja Iya gefe, bayan rumbu.

Na ce, "Iya, wata biyar hannun nan naki yana ina? Tana zaune tana jiran ki, da kin zo kin taɓa tun tana ji."

Ta dubi hannun nata, har yanzu da danshin ruwan wankan.

Ta ce, "Ƙarya na yi miki, 'yar nan, ba surukaina ba ne. Ni ma tsoronta nake ji. Sai yau na daina."

Maza suka yi sallama a zaure suna tambaya ko an shirya ta, na je na ce su shigo.