Dawisun Motar Hamed

Kamilou ya zo garin Sabha, can ƙetaren sahara, daga Damagaram da riga biyu da akwati ɗaya, kuma akwatin ya fi mai shi kyan gani nesa ba kusa ba. Na katako ne, gadon kakansa mai zayyanar allo. An sassaƙa dagi a murfin, ciki kuma gida-gida: nan shuni, nan jan garura, can ƙaro da ya bushe ya koma tsakuwa, ga burushin gashin akuya uku da ko matarsa Rachida bai yarda ta taɓa ba.

Shekara ashirin yana zane a bayan manyan motocin da ke ratsa sahara. Da launukan kakansa yake fara gwadawa a kwali, sannan ya ɗora fentin mai a jikin ƙarfe. Direban da ya ce zaki zai samu zaki, ko da yake wasu sun fi kama da kyanwar da ta ƙoshi. A zamanin kowa so yake a gane motarsa tun daga nesa.

Yanzu ba mai son a gane shi, don 'yan fashin hanya ma ba makafi ba ne. Ɗaya bayan ɗaya aka shafe zanen, har ya rage saura dawisun motar Hamed, wani tsohon direba a unguwar Hajara. Wannan dawisun ne Kamilou ke nuna wa baƙi idan suka ƙi yarda ya taɓa yin wata sana'a ban da dakon siminti.

Ranar da Hamed ya aiko kiransa, har burushin ya wanke, ya ɗauki akwatin ya tafi. Ya iske bokitin fenti mai launin yashi yana jiransa. Hamed ya tarbe shi da sunan da ake kiran gwanin sana'a a can:

"Usta, rufe min tsuntsunka. Sau biyu ana tare ni, suna cewa ga mai dawisu."

"Haba Alhaji, tsuntsu ne ya gaya musu?"

"Ba sai ya yi magana ba."

"To bar min gashin wutsiya ɗaya, can ƙasa kusa da lamba."

"Ina da 'ya'ya bakwai, Usta."

Kamilou ya duba ko akwai tsani, babu. Shi kuwa Allah bai ba shi tsawo ba. Ya ajiye akwatin a ƙasa, ya cire takalmi, ya taka murfin, ya fara daga kan tsuntsun. Kafin azahar motar ta koma kamar ta kowa.

Da ya koma gida, Rachida ta ga ɗigon fenti ya cike sassaƙar murfin, ta ɗauko tsumma.

Ya ce, "Bar shi. In kina neman wajen zuba albasa, ga shi nan."