Wuƙar da ke bin hagu

Maƙwabcina maƙerin wuƙa ne, da magagari kuma ya girma. Tun yana saurayi a ƙasa yake zama, ya danne ruwan wuƙa da ƙafa, ya yi ta guga har fuskokin biyu su fito daidai. Yana ɗan ɗingishi tun wata faɗuwa da ya yi a babur da ta gajarta masa ƙafa ɗaya, amma wa ke lura da ƙafar mai aiki a zaune?

Da kafaɗu suka fara yi masa gardama, sai 'ya'yansa suka kawo masa inji mai bel ɗin samfefa, irin wanda ake aiki da shi a tsaye. Ranar da aka kunna shi duk layinmu sai da muka leƙa. Bel na gudu, tartsatsi na zuba, shi kuwa baki har kunne, yana kiran masu wucewa su zo su gani. Aikin yini guda ya koma kafin shayi ya huce.

Ana cikin wannan murna sai ga Dogo mahauci, abokinsa na ƙuruciya, wanda bai taɓa yanka da wuƙar wani maƙeri ba. Ya ajiye sabuwar wuƙarsa ya ce tana bin hagu, in ya nufi yanka a miƙe sai ta karkace. In haka ne, zai koma wa wuƙar kanti. Inda Dogo ya nufa kuwa, nan sauran mahauta ke bi.

"Hannunka ne ya tsufa," in ji maƙeri.

"Naka dai. Ɗaga ta ka duba, tsoho."

Maƙeri ya ɗaga ta a haske. Fuska ɗaya ta fi ɗaya ciyuwa.

Ba dabarar da bai yi ba. Ya ja layi a tsakiyar kaifi, ya shafe fuskokin da tawada don ya ga inda bel ke ci, ya manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari yana tafiyar da jiki daga ƙugu. Fuskar farko takan fito fes, ta biyu kuwa tawada ta rage a gefe.

Wata rana matarsa ta kawo abinci, ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallo.

"Malam, in ka yi dama kana tafiya a miƙe. In ka dawo hagu sai ka nutse."

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ta. Bai ko taɓa abincin ba, ya yanko guntun katako ya sa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya shafa tawada, ya ɗora wuƙa. Ja ɗaya, tawadar ta tafi gaba ɗaya. Ya juya ɗaya fuskar, haka. Ihun da ya yi ne ya fito da ni daga gida.

Da ƙurar ƙarfe a fuska ya nufi kasuwa, ina biye, da ƙyar nake cim masa. Dogo ya karɓi wuƙar, ya ɗora kan cinyar saniya, ya ja a hankali. Yankan ya sauka a miƙe, siriri, ya kwanta kan teburi. Ya sake ja. Mahautan kusa suka matso, ya hana kowa taɓa ta.

Bai yaba ba, Dogo ba ya yabo. Ya dai sunkuya ƙarƙashin teburi, ya jawo tsofaffin wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma, ya zube su a hannun maƙeri, ya ce gobe yake son su.