Maganar da na taƙaita

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba, wasunku kuma sun yi ta kira ban ɗauka ba. Ku yi mini afuwa. Ba ni da muryar amsawa ne.

Ga wanda bai sani ba, ni tafinta ne. Ina zaune a Vénissieux, gefen Lyon, amma sau biyu a mako nakan shiga jirgin ƙasa zuwa Paris, in zauna tsakanin mai neman mafaka da jami'in da ke sauraronsa. Ƙa'idar aikin ita ce in yi magana tamkar ni ne mai ita. Idan mutum ya ce an ƙona masa gida, in ce da Faransanci an ƙona mini gida. Shekara goma sha ɗaya ina cewa "ni" a madadin wasu, ina kuma alfahari a ɓoye cewa ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Da shigowar sanyi muryata ta dushe. Na ɗauka mura ce. Matata Hadiza ta yi ta dafa mini citta da zuma har wata uku. Ta ce in ga likita, na ce sai aiki ya lafa. Gaskiyar ita ce ina tsoron a ji cewa tafinta ba shi da murya.

Wata Talata aka shigo da wani bawan Allah da ya girme ni. Zaman ya yi tsawo, maƙogwarona kamar ana kankare shi. Da aka tambaye shi yadda ya bar garinsu, ya yi bayani dalla-dalla: su wa suka zo, me suka ce masa, ta ina ya bi. Na dunƙule duka a jimla ɗaya.

Ya dube ni ya ce, "Malam, na ga na yi doguwa, kai ka yi gajera."

Na ce masa haka Faransanci yake. Ƙarya na yi, ya kuwa yarda da ni.

Bayan mako biyu muryar ta ɗauke. A asibiti a Lyon suka zura mini siririyar kyamara ta hanci, suka ga ƙari a jijiyar murya ta hagu. Aka ɗebi kaɗan don gwaji, na jira kwana tara. Likitar ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce sankara ce, amma ba ta yaɗu ba. Sai ta tambaye ni tun yaushe muryar ta dushe. Da na faɗa mata, ta ajiye alƙalaminta.

Na ji tsoro. Abin kunya, ban fara tunanin mutuwa ko ƴaƴana ba, aikina na fara tunani.

Aka yi tiyata, aka cire ƙarin. Inshora ta ɗauki nauyin kusan komai. Sharaɗin shi ne kwana goma babu magana, ko raɗa. Sai ɗan littafi da biro.

A cikin shirun nan na lura da wani abu. Bakina ya tsaya, amma akwai mai surutu a cikin kaina, yana ta cewa ni ne gwani, ni aka sani, ni za a manta. Na zauna ina sauraronsa kamar yadda nake sauraron baƙo a wurin aiki. Na nemi wanda yake kira "ni" ɗin, ban iske komai ba sai murya, da takardun makaranta, da yabon mutane, duka kuwa aro ne. Salla ta yi mini daɗin da ban taɓa ji ba, don babu wanda nake ƙoƙarin burgewa da karatu.

Yayana Mamman ya taso daga Stains, gefen Paris, ya duba ni. Ɗan kasuwa ne, ba ya son dogon turanci. Na rubuta masa labarin wancan mutumin, na ƙara da cewa na gane babu wani "ni" na haƙiƙa, komai ikon Allah ne.

Ya karanta, ya leƙa kwanon da ke gabana, ya ce, "To in babu kai, wa ya shanye kunun Hadiza? Ikon Allah gaskiya ne, ƙanena, amma da bakinka aka yanke wa bawan Allah magana."

Ba a yarda in yi dariya ba.

Washegari na rubuta wa kamfanin da nake wa aiki. Na faɗi ranar, da abin da na tsallake, da ƙaryar da na yi. Sun dakatar da ni, ban ga laifinsu ba. Takardar ta isa hannun lauyar mutumin, daga bakinta kuma na ji cewa an riga an ƙi roƙonsa, an ce bayaninsa ba shi da cikakken bayani. Ta sa takardata cikin ɗaukaka ƙara.

Yanzu gwaji ya nuna babu sauran ciwon. Ina zuwa wurin mai koyar da fitar da murya, muryar ta dawo da kauri, tana kuma gajiya da wuri. Ko zan koma aikin tafinta, ban sani ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da Yaya Mamman, da ma'aikatan jinya, da ku da kuka yi ta aiko da saƙo.

Shawarata biyu ce. Idan muryarka ta dushe fiye da mako uku, ka bar citta ka ga likita. Idan kuma jikinka ba zai iya aikin da aka ba ka amana ba, ka faɗa tun a bakin ƙofa.

Wata mai zuwa za a sake sauraron mutumin, da wani tafinta. Aikin ya hana ni faɗin sunansa. Ku sa shi a addu'a haka nan, Allah ya san shi.