Farin da ke Bayan Ganye

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne Nazifi a nan Kuala Lumpur, ni kuwa har yau hannuna bai sake taɓa asfirin ba.

Ɗakinmu ɗaya a unguwar Cheras. Yana digiri na uku a kan farar wilo, bishiyar da bai taɓa gani a tsaye ba, don ba ta son zafin ƙasar nan. Ɓawonta ake aiko masa daga Turai, sai busasshen ganye guda da ya adana cikin littafi. Masana suna ce mata Salix alba. Ya ce da Latin salix shi ne wilo, alba kuwa fari. Na ce, "Malam, ai wannan kore ne." Ya juya ganyen, sai ga bayansa fari kamar an barbaɗa toka. Daga ɓawon nan aka samo asalin asfirin, kuma yadda yake alfahari da hakan sai ka ce kakansa ne ya dasa ta.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ce mu je asibiti. Ni uban 'yan sani na yi dariya: "Haba Nazifi! Bakano da tsoron maleriya?" Na sauka kanti na sayo asfirin, na yi ta ɗura masa kwana uku, shi ko bai san ma me yake haɗiya ba. Ashe ba maleriya ba ce, dengi ce, wata cutar sauro ta ƙasar nan, wadda asfirin ke ƙara wa zubar jini. Da muka kai shi asibiti daga baya likita ta tambaya ko ya sha wani magani, tsoro ya sa na ce ban sani ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Har yanzu sababbin ɗalibai daga gida suna sauka da maganin maleriya cike da jaka. Ina tare su a wajen shan shayi a unguwar Danau Kota da gargaɗi, har sun sa mini Malam Dengi. Da Nazifi yana nan, ban sani ba ko dariya zai yi ko kau da kai.

Bincikensa ya tsaya a babi na huɗu. Ganyen yana wurina, koren ya ƙone, farin yana nan. Mahaifiyarsa kuma duk Sallah sai ta kira daga Kano ta sa mini albarka, wai na yi jinyar ɗanta. Na san ana karanta mata jaridar nan da nake rubutu a ciki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hajiya, Nazifi ya nemi asibiti. Ni na hana.