Firizar Gwaggo da Sunan Zakariya'u

Tahira ta fara jin sunan Zakariya'u ne a bakin yayanta Abdulrazak, ranar da kwamfutarsa ta yi ƙara fat, ta yi warin ƙonanniyar roba, ta mutu. Shagon buga takardu ya buɗe a zauren gidan marigayi mahaifinsu a Sabon Gari, ko gama sabawa da shi mutane ba su yi ba. Ya riƙe ƙugu ya ce, "Sai dai a kira Zakariya'u ɗan Tibiri. An ce ya iya, amma akwai shi da tsirfa."

Tsirfar ita ce, ba ya buɗe na'ura sai ya ga ɗakin da ta mutu a ciki. Gadon mahaifinsa ne, Inusa mai gyaran rediyo, wanda ya gaji da gyara abu ya koma gida ya sake lalacewa. Zakariya'u a kan rediyo ya tashi, ya koma kaset, da kaset ta wuce ya shigo Maraɗi ya koyi kwamfuta. A cikinta ma ya fi ƙwarewa a kan ɗan akwatin da ke karɓar wuta yana raba ta, wanda masu gyara ke ce wa alim.

Ya zo a kan babur ɗin kabu-kabu, siriri, da jakar leda. Ya kwance alim ɗin ya shinshina, ya haɗa koriyar waya da baƙa don ya ga ko fanka za ta juya. Ba ta juya ba. Ya nuna wa Tahira wasu 'yan gwangwanaye a ciki da suka kumbura kamar ƙosai. Ya sa sabo, na'ura ta tashi, amma bai tafi ba. Ya zauna a benci yana kallon ƙwan fitila. Can ƙwan ya dushe, ya dawo, kuma a daidai lokacin wani abu ya yi gurnani daga cikin gida.

"Ƙanwata, a yi mini iso, ina so in bi wayar ga."

Wayar, siririya mai ɗauri-ɗauri, ta bi bango ta kai su ɗakin Gwaggo Salima, yayar mahaifinsu. Da mijinta ya rasu a Jiratawa danginsa suka karɓi gonar, ita ta dawo da tsohuwar firiza kaɗai, tana ƙanƙara da zoɓo. Ta miƙa masa ƙulli mai sanyi.

"Sha, ɗan nan, ka rame kamar ba a dafa tuwo a Tibiri."

"Ana dafawa, Gwaggo, kwamfuta ke cinyewa."

Ta yi dariya ta shafa murfin firizar. "Ni wagga ce gonata. Ita ke saya mini sabulu, ba ni roƙon ɗan ƙanena komi."

Tahira ta ga ya dubi firizar, ya dubi wayar, ya shanye zoɓonsa. Kowa a gidan ya san Abdulrazak ya fara cewa ɗakin nan da zai yi kyau da ajiyar takarda, kuma Jiratawa ba nisa in mayar da Gwaggo za a yi.

Da suka fito, Zakariya'u ya ce a ja wa shago layinsa daban tun daga mita.

"Don mi?" in ji Abdulrazak.

"Wayar gidan ta tsufa."

"Gidan nan da ita aka haife ni, ba ta taɓa ƙona komi ba. Kai dai aiki kake nema."

Bai ja layin ba. Alim na biyu ya ƙone kafin damina, na uku bayan ƙaramar salla, ana tsakiyar buga wa ɗaliban jami'a takardunsu. Duk zuwan da Zakariya'u ya yi, maganar layi yake maimaitawa, dalilin kuwa ba ya ƙarasa shi. A zuwa na uku ya tare Tahira a ƙofar gida ya faɗa mata: duk sa'ar da injin firizar ya tashi yana fizgar wutar, ya sake ta da ƙarfi, alim kuwa ba ya jure wannan.

Ta gwada cire wayar firizar daga wuta da safe. Ƙanƙara ta ƙi kamawa, Gwaggo ta yi ta faɗa da yaran maƙwabta bisa zaton su ke cirewa, tana mayar da abinta. Tahira ta bari.

Na huɗun ne ya kawo rigima. Abdulrazak ya ɗauki ƙonannen alim ya tafi da shi har rumfar Zakariya'u, ya jefa a gabansa cikin mutane.

"Ruɓaɓɓu kake sa mini don in dawo. Ashe tsirfar taka ke nan."

Wani mai sayar da caja ya ce, "Malam Zakari, ka yi magana mana."

Zakariya'u ya ce, "Allah shi ba da haƙuri," ya sunkuya ya ɗauke alim ɗin daga ƙasa.

Ba a daɗe ba Abdulrazak ya samu shago a bakin titi, ya kwashe kayansa, ya ɗauki wani mai gyara. Kwamfuta ba ta ƙara ƙonewa ba, shi kuma duk wanda ya zauna a shagonsa sai ya ba shi labari, yana cewa ga shaida. Maraɗi da girmanta, magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Masu shagunan buga takardu suka daina kiransa, wata makaranta mai zaman kanta da yake kula wa da na'urori ta sallame shi. Ya koma Tibiri, yana gyaran fitilun sola da cajar waya a gindin itacen bedi.

Gwaggo Salima ta ci gaba da ƙanƙararta a ɗakinta har bara, da Allah ya yi mata rasuwa. Ba ta taɓa sanin komai ba. Abdulrazak ma har yau a kan bakansa yake, Tahira kuwa ta rasa ta inda za ta fara masa.

Sau ɗaya ta je Tibiri tun Gwaggo na da rai, ta tsaya a kansa yana like wata fitila. Ta ce ba za ta iya ci gaba da jin ana zaginsa ba, yau za ta faɗa wa Yaya gaskiya. Ya ajiye abin likin ya tambaye ta ko har yanzu zoɓon na fita. Ta ce yana fita.

Ya ce, "To, ƙanwata, alfarma guda nike roƙo. In Yayanki ya ji, firizar za ta fita, Gwaggo ta bi ta. Muddin tana ɗakin nan, kar ki wanke ni."