Gidan Gunvald a Idon Baƙuwa

Duk ƙauyukan dajin Småland, a kudancin Suwidin, babu wanda bai san Gunvald Eskilsson da taurin kai ba. A gidan gonarsa aka yanke masa cibiya, a nan ya auri Sigrun, daga nan kuma aka fitar da gawarta. Shanu sun ƙare, tarakta ya sayar, gwiwa ta ƙi, amma gida kam ya ce sai dai a fitar da shi a akwati.

'Yarsa Marika da ke birni ta sama masa ɗaki a gidan tsofaffi. Kullum waƙarta ɗaya ce: "Baba, a sayar da gonar nan." Da ta fara sai ya kife wayar. Tun daga nan ya daina yarda da kowa. Mai kawo wasiƙu ya ɗaga kai ya kalli rufi, ɗan leƙen asiri ne. Maƙwabci ya tambayi lafiyar ƙafa, aiko shi aka yi.

Wata Laraba da kaka, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya, yana kurɓar kofi a kicin sai ya hango wata budurwa da kyamara a wuya. A ƙasar nan kowa na iya ratsa gonar kowa, ya tsinki 'ya'yan daji ya wuce. Amma ko yaro ya san ba a taka farfajiyar gidan da mutane ke ciki. Wannan kuwa ta tura ƙyauren shinge kanta tsaye, ta tsallake tuffa da suka zube suna ruɓewa, ta durƙusa ta ɗauki hoton rumbu, ta ɗauki matakala, har da taga.

"Yauwa! Biri ya yi kama da mutum," in ji Gunvald a ransa. "Dillalai Marika ta turo mini." Ya rarumi sandarsa ya banko ƙofa.

"Ke! Nawa ta biya ki?"

Yarinyar ta kurma ihu, saura kaɗan kyamarar ta faɗi.

"Wayyo, Baba, ka tsinka mini hanji! Wa zai biya ni?"

"Kar ki raina mini hankali, 'yar nan. Wane kamfani ne? Ki koma ki gaya musu rufin yana yoyo, rijiyar ta ƙafe, ɓeraye kuma sun fi kyanwa girma. Ba na sayarwa ba ne!"

"Ni fa Tindra sunana, motar haya nake tuƙawa a gari. Yau hutuna ne."

"Hutu! Mai hutu ne zai kwanta cikin taɓo yana ɗaukar rumbun mutane? Mu gani."

Kunya ta rufe ta, sannan ta miƙa masa kyamarar tana matsa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wani gidan gona rufinsa ya rufta. Wata bishiya ta tsiro ta cikin ɗaki. Wannan ya gane shi, gidan marigayi Halvard ne, abokin farautarsa. Sai ga nasa a bayansu: jan fentin ya koɗe, ciyawa har ƙugu, labulen Sigrun ya yage, babu hayaƙi a saman rufi.

"Kangaye nake bi ina ɗauka kafin su faɗi," ta ce a hankali. "Gonakin da aka bari. Ka yafe ni, Baba, ban san da mutum a ciki ba. Bari in goge."

Ya so ƙwarai a ce ƙarya take yi. Ya binciki fuskarta yana neman alamar dillali, ko ɗigo bai samu ba. Da maƙiyiya ce ai da ya san yadda zai yi da ita.

"Kar ki goge. Koma can ki sake, ina tsaye a ƙofa."

Ya gyara hula, ya ɓoye sandar a bayansa, ya miƙe iya miƙewarsa. Ta ɗauka ta kawo masa. Ya daɗe yana kallo. Gidan dai bai canza ba, sai wani tsoho da aka ƙara a bakin ƙofa.

Da la'asar wayar ta yi ƙara. Marika ce, ta fara da dabara kamar kullum, tana jiran a kife.

"Marika," ya katse ta. "Ɗakin nan da kike faɗa, tagarsa tana kallon itatuwa kuwa?"