Injin Ban-ruwan da Bai Isa Tozai Ba

Liman na sallame sallar asuba muka nufi tasha, mu uku, ranar Talatar makon jiya. Waɗanda suka ji ni shiru suka yi ta tambaya, to ga inda na shiga: garin Isa na je, har Tozai, kuma za ni ba ku labarin yadda ta kasance.

Da yawanku kun san ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan aike, masu kai kayan mutane a babur da mota daga Sakkwato zuwa garuruwan gabas. Bara muka shiga inshora irin ta takaful. Kowa na zuba abin da aka yanka masa duk wata, don in kaya sun ɓace, ko sun lalace, ko an ƙwace su a hanya, kamfani ya biya mai kaya. Ba mu taɓa neman diyya ba sai watan da ya wuce. Wani ɗan ƙungiyarmu, Bagobiri mutumin Isa, magidanci mai iyali, ya ɗauko injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da farantansa, zai kai wa wani dattijo manomi a Tozai. 'Yan bindiga suka tare shi, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka tafi da babur da kaya. Dattijon ya ce ƙarya ne, an dai tsallaka da injin Nijar an sayar. Kamfani kuma ya ce sharaɗin yarjejeniya shi ne a bi hanyar da kowa ya sani, shi kuwa cikin daji aka tare shi, me ya kai shi daji? In ba a biya ba, gonar gadonsa Bagobiri zai sayar, kuma ba mai sake ba shi ko buhun gishiri ya kai. Bayan kai-kawo mai yawa, kamfanin ya yarda ya haɗa mu da ma'aikacinsu ya je ya gani da ido. Shi ne na ukunmu, Bayarabe haifaffen Sakkwato, wanda Sakkwatancinsa ya fi nawa.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya bara. Da na yi ƙorafi, direba ya dube ni ya ce rabi na mai ne, rabi na ransa. Na ciro kuɗi na ba shi. Hanyar Gundumi da ta fi kusa ba wanda ya ko ambace ta, ta Goronyo muka bi.

Har Goronyo tafiya ce irin ta kullum. Kwalta a wani wuri lafiya lau, a wani wuri ramuka kamar an haƙa da gangan. Mata masu tallan soyayyen kifi suka yanyame motar, ma'aikacin inshora ya saya mana. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Bagobirinmu ya karɓi nasa ya ce, "Madalla, bawana ya san haƙƙin ubangijinai." Bayarabe ya ce, "Ci ka ƙoshi, in ba mu ba ina Bagobiri za ya ga kifi?" Mota ta ɗauki dariya. Ita ce dariyarmu ta ƙarshe har muka isa Sabon Birni.

Gaba da Goronyo kaɗan muka iske motoci sun yi layi a gefen titi. Ba shinge ba ne, jira ake yi a ga wata mota ta fito daga gaba a tambaye ta yaya baya. Mun daɗe tsaye. Da wata tsohuwar a-kori-kura ta ɓullo, direbanta ya ɗaga hannu kawai bai tsaya ba, sai kowa ya ruga motarsa. Direbanmu ya kashe rediyo, ya sauke gilashi don ya riƙa jin abin da ke waje. Wata tsohuwa a bayana ta kama hasbunallahu ba ta saki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan tsakanin shi ne gonaki. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, dawa ta sunkuyar da kai, amma gona bayan gona ba kowa sai tsuntsaye. Wani fasinja ya ce a wasu ƙauyukan sai an haɗa wa mutanen daji kuɗi kafin a bar ka ka girbe abin da ka shuka. Mun wuce ƙauyen da aka kwashe kwanon rufin gidaje, rumbuna a buɗe, kare ɗaya kwance a ƙofar masallaci. A kowane shingen jami'an tsaro mukan sauka a duba mu, kuma wannan karon ban ji haushin sauka ba.

Sabon Birni cike take da mutane, fiye da yadda na san ta. Da yawa baƙi ne daga ƙauyuka, suna zaune da ƙunshin kayansu a inuwar shaguna. Mun karya da hoce da shayi a bakin tasha. Nan na ga naira da sefa suna yawo hannu da hannu, kuma kusan kowa na da layin waya na Nijar, don namu sai ya ga dama yake kamawa. Wani falke mai shirin tafiya Burkusuma da buhunan sukari a babur ya ji muna zancen inshora, ya matso ya tambayi Bayarabe, "To ni fa, in anka ɗauke ni da kayan, har ni ana biya?" Bayarabe ya ajiye kofinsa ya ce, "Gaskiya, Alhaji, kaya kawai." Falken ya gyaɗa kai, ya ƙara ɗaure buhunansa, ya tafi.

Mun isa Isa da hantsi. Muka karɓi kwafin rahoton da Bagobiri ya kai wa 'yan sanda tun ranar da abin ya faru, sannan muka biya gidansa. A zaure ya ɗaga rigarsa ya nuna wa ma'aikacin inshora bayansa. Raunukan sun warke, amma shatar bulala na nan a jere. Uwargidansa ta aiko da fura da nono mai sanyi. Da za mu fita ta yi magana daga bayan ƙyaure: "Sakatare, don Allah ku maido min shi kahin la'asar." Na ce in sha Allahu, ban san me na dogara da shi ba.

Zuwa Tozai sai babur. Bagobiri ya ari na ƙanin matarsa ya goya ni, ma'aikacin inshora ya hau bayan wani ɗan kabu-kabu. Niyyarmu mu bi sananniyar hanya har inda ya ce ya kauce ranar nan, ya nuna mana. Ba mu kai wurin ba. Mun yi nisa kaɗan sai muka hango mata suna tahowa da sauri, wasu da goyo, wata da tukunya a kai ba murfi. Wani mutum a kan jaki ya yi ta kaɗa mana hannu, da muka matso ya ce, "Ku koma, suna nan tahe bisa hanya." Bai rufe baki ba muka ji harbi, ba kusa sosai ba, amma ba nesa ba.

Komawa baya fili ne fetal, duk mai babur zai hango mu. Bagobiri ya juyo ya dubi ma'aikacin inshora. Ma'aikacin da kansa ya ce, "Mu shiga dawa, Malam, mu shiga dawa."

Muka faɗa cikin wata gonar dawa, ganye na yankar fuska. Aka kashe babura, muka tura su da hannu har wani kwazazzabo da ruwan damina ya haƙa, muka kwantar da su, mu ma muka kwanta. Ƙasar da ɗan danshi, tururuwa na hawa mini wuya, ban iya ko kaɗe su ba. Sai ga ƙarar babura, da yawa, suna tafe a hankali a kan hanyar da muka baro. Muna jin muryoyinsu. Wani ma dariya yake yi.

A daidai wannan lokacin wayar ma'aikacin inshora ta ɗauki kiran sallar azahar daga aljihunsa. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ni ji kiran salla gabana ya faɗi ba. Ya danne wayar da cikinsa, ya tura ta cikin laka, sautin ya shaƙe. Ɗan kabu-kabun ya rufe ido. Ni dai na yi shahada, na tuna ban faɗa wa mahaifiyata inda za ni ba, na ce mata Goronyo kawai. Ƙarar injunansu ce ta rufa mana asiri. Suka wuce, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace, amma ba wanda ya motsa sai da Bagobiri ya rarrafa ya leƙa ya dawo.

Nan cikin kwazazzabon muka yi taimama muka yi salla a zaune. Da muka idar, ma'aikacin inshora ya dubi Bagobiri ya ce, "Haka ta faru da kai?" Ya ce, "Haka, sai dai ni ina shiga daji na iske wasu a ciki." Ɗan kabu-kabu ya san wata 'yar hanya ta bakin fadama, ita muka bi, wani wuri a kan babur, wani wuri da ƙafa cikin taɓo, har muka shiga Tozai.

Dattijon mai injin muka iske a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Na zaci faɗa za a yi, har na shirya abin da za ni ce. Da ya ga Bagobiri sai ya sunkuyar da kai. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa. Ya ce ɗansa ne da ke ƙwadago a kudu ya tara ya saya masa injin, don ya yi albasa da tattasai da rani, tunda gonar tudu ba ta shiguwa. Da aka ce masa an ƙwace, baƙin ciki ya sa ya faɗi abin da ya faɗa. Sannan ya ce wani maƙwabcinsa da aka karɓo daga hannun mutanen daji kwanan baya ya ba shi labarin ya ga sababbin farantan hasken rana a sansaninsu, suna cajin wayoyi da su, injin kuma yana yashe gindin wata bishiya.

Na ce, "Baba, me ya hana ka aiko mana?"

Ya ce, "Kunya, ɗana. Na kira mutum ɓarawo gaban jama'a. Da wane baki za ni aika?" Ya juya wajen Bagobiri. "Ka yahe mani don Allah."

Bagobiri ya ɗago kai. Ya ce, "Na yahe, Baba. Amma inda ka faɗi waccan, can nika son ka faɗi wagga." Dattijon ya ce ranar Juma'a, bayan an sauko, zai tashi ya faɗa. Aka kira maƙwabcin, ma'aikacin inshora ya goge lakar wayarsa ya ɗauki bayanin su biyun.

La'asar ta wuce mana a Tozai. Sai da wasu 'yan sa-kai za su Isa muka bi bayansu, muka shiga gari rana na gab da faɗuwa. Uwargidan Bagobiri na tsaye a bakin zaure. Ban iya haɗa ido da ita ba. A Isa muka kwana, washegari muka biyo ayarin motoci zuwa Sakkwato. Bagobiri ya zauna wurin iyalinsa.

Na iso gida da azahar, takalmi ɗaya a tsinke, wando duk taɓo. Mahaifiyata ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba ta san Goronyo ta yi nisa haka ba. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya, na sha faɗa, na kuma sha addu'a.

Shekaranjiya ma'aikacin inshora ya kira ni. Ya rubuta abin da ya gani, kamfani ya amince zai sayi sabon inji, kuma ya ce za su sake duba sharaɗin nan na hanya ga masu aiki a yankinmu. Babur kam ba ya cikin yarjejeniya, wannan asarar ta Bagobiri ce.

Abin da na koyo ba shi da yawa. 'Yan uwana 'yan aike, kafin ku sa hannu ku sa a karanta muku kowane sharaɗi da Hausa, ku tambaya in an kauce hanya don tsira da rai yaya ke nan, ku kuma sa abin hawanku a ciki ko da zubin zai ƙaru. Masu ba da saƙo kuma, ku riƙa jinkirta zargi. Mutumin da kuka ba kaya ya bi wannan hanyar ya ɗauki abin da ya fi kayanku nauyi.

Jiya muka yi taron ƙungiya, Bagobiri ya zo. Na ce sabon inji zai fito mako mai zuwa, wa zai kai Tozai? Ba wanda ya ɗaga hannu, kowa na kallon ƙasa, kuma ban ga laifin kowa ba. Sai Bagobiri ya ce shi aka ba saƙon tun farko, bai kai ba tukuna, abin hawa ne dai ba shi da shi. Na so in hana shi, ban iya ba. Na ciro makullin babur ɗina na miƙa masa. Ku sa shi a addu'a.